Layi na Tara a Dutsen Helmi

Duk wanda ya taɓa aiki a rumbunan alkama na bakin tafki a Thunder Bay ta ƙasar Kanada ya san Arvo Niskala mai awo. Dogo ne siriri, ga kunnuwa fato-fato, magana kuwa sai an ciro ta daga bakinsa da ƙyar. A ɗakin sikeli ya ƙare ƙuruciyarsa: tarago ya shigo da alkamar yamma, ya auna, ya rubuta, wani ya shigo. Al'adar wurin ita ce ba a rubuta wutsiyar lamba. In allura ta nuna kaza da ɗigo kaza, abin da ya biyo bayan ɗigon sai a watsar, su ce rabon tattabaru ne. Arvo ya yi ta ciyar da tattabaru har hannunsa ya saba, yana yanke wutsiya kamar yadda mai girki ke cire kan albasa ba tare da ta duba ba.

Da ya yi ritaya, an zaci zai koma kamun kifi a kan ƙanƙara kamar sauran tsofaffi 'yan asalin Finlan na unguwarmu. Ina! Sai ya sayo wata tsohuwar kwamfuta, ya kafa ta a ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida, ya shiga abin da yake so tun yana yaro ba a bar shi ba, wato lambobi.

Akwai wata alwatika da ake koya wa yara a makaranta. Ɗaya a sama, ƙarƙashinta ɗaya da ɗaya, sai ɗaya biyu ɗaya, sai ɗaya uku uku ɗaya, kowace lamba jimlar biyun da ke kanta. Masu lissafi suna da wata hanyar fitar da ita da abin da suke kira faktoriyal, wato ka ninka lamba da duk na ƙasa da ita har zuwa ɗaya. Na huɗu ashirin da huɗu ke nan. A ninka a sama, a ninka a ƙasa, a raba, rabon kuma ya fita daidai kullum ba saura. To akwai wasu bayin Allah, yawancinsu tsofaffin maza masu ciwon baya, da wannan bai ishe su ba. Sai su ce, in muka cire ɗaya, biyu, uku, huɗu, muka zuba wasu lambobin fa? In muka ninka faktoriyal da faktoriyal fa? Sai sabuwar alwatika ta fito. In ta fito da cikakkun lambobi zalla, an dace, sai a kai ta Rumbu.

Rumbu suke kiran wata ma'ajiya a intanet inda ake tara jerin lambobi, 'yan sa-kai ne ke kula da ita. Ƙa'idarsa ta farko ba sassauci a cikinta: cikakkun lambobi kawai, ba rabi ba sulusi. In an karɓi naka, a rubuta sunanka a ƙasa, shi ke nan ladan, ba a biyan kowa. Arvo ya aika alwatika bila adadin, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancinsu tarkace ne. Wata a ce an riga an kawo ta, wata a ce ba ta da wani armashi, wata a karɓa don dai a rabu da shi.

Guda ɗaya ce ta fita daban. Ya ɗauki faktoriyal ɗin kowace lamba ya raba shi sau biyu da na rabinta, in rabin bai fita daidai ba ya ɗauki na ƙasa. Abin da ya samu shi ne 1, 2, 6, 6, 30, 20, 140, 70, suna hawa suna sauka, da su ya gina alwatikar. Yana cikin kallonta matarsa Helmi ta sauko da kofi da burodin pulla.

Helmi gajeriya ce mai kaifin baki, ta yi shekarunta tana girki a makarantar firamare. Ba ta san lissafi ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta sani ba. Allah bai ba su haihuwa ba, ita ke kiran kwamfutar nan “jaririnka mai cin wuta”. Ranar nan ta ajiye kofin, ta sa tabarau, ta duba layi na bakwai: 1, 20, 300, 300, 300, 20, 1.

“Wannan ta yi kyau,” in ji ta.

Arvo ya juyo ya dube ta, don tun da ya kafa na'urar ba ta taɓa yabon abin da ya fito daga ɗakin ƙasa ba.

“Dubi ukun nan na tsakiya, kai ɗaya, kamar ni da 'yan'uwana a bencin coci. Haka take har ƙasa? Ba gutsure?”

“Har ƙasa.”

“Ka tabbata, tsoho? Na san ka da rawar kai in ka ga lamba.”

“Na tabbata,” in ji shi. Kuma har ransa ya faɗa, don na'urar ta zubo masa layi bayan layi, duk cikakku.

Aka karɓi alwatikar a Rumbu, har wani baƙo daga wata ƙasa ya yi sharhi a ƙarƙashinta ya ce abin sha'awa ce. Arvo ya buga sharhin ya manna a jikin firji, Helmi ta bar shi a nan, ita da ba ta barin ko hoton 'ya'yan maƙwabta ya wuce mako.

Da cutar da ta ɗauke ta ta yi ƙarfi, ita da kanta ta tayar da zancen dutsen kabari. Ta ce ba ta son mala'ika, ba ta son fure, kowace mata a maƙabartar nan fure ne a kanta.

“Ka sa mini abin nan naka. Ko ba komai mutane za su tsaya su yi ta mamaki, su daɗe a kaina.”

Bayan jana'iza ya je wurin Renzo Pellizzari mai sassaƙar dutse, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Dutse ɗaya ne na mutum biyu, sunanta a hagu, nasa a dama, alwatikar a tsakiya. Renzo ya auna ya sake aunawa, ya ce layi takwas ne za su zauna da kyau, na tara lambobinsa dogaye ne, sai an cusa su kamar mutane a bas. Arvo ya kafe sai tara. A layi na tara ne manyan lambobin suka fara, 16333 da 81666, shi kuma yana son a ga matarsa ba a kan ƙaramin abu take kwance ba. Da ya ji maganar Renzo, da babu wannan labari. Amma tsohon da ke cikin makoki ba ya jin shawara, Renzo kuwa ya san haka, sai ya ɗaga kafaɗa ya sassaƙa.

Daga nan Arvo ya rage sauka ɗakin ƙasa. Saƙonni suka taru bai buɗe ba. Shi ya sa wata safiya cikin tsakiyar hunturu, yana wanke kofinsa, wayar gida ta yi ƙara.

“Mista Niskala? Sunana Odile Ferland, ina koyar da lissafi a Sherbrooke, ina cikin masu kula da Rumbu. Ka yi haƙuri na kira ka a gida, na rubuto maka shiru.”

“Ina ji.”

“Muna bin tsofaffin shafuka muna ƙara musu layuka. Na zo kan alwatikarka mai ɗari uku-uku, ina sonta ƙwarai. Sai dai na'urata ta ƙi ba ni layi na tara yadda ka rubuta shi.”

“To na'urarki ce ba lafiya.”

“Haka na fara zato. Akwai fensir kusa da kai?”

Akwai. Arvo bai taɓa zama a ɗaki ba fensir ba.

“Lamba ta huɗu a layin. A sama ashirin, sau ɗari da arba'in, sau saba'in. A ƙasa ɗaya, sau biyu, sau shida. Haka ne?”

“Haka ne.”

“Shida akwai uku a cikinta. A cikin na saman, wacce ce uku ke rabawa?”

Ya dubi ashirin. Ya dubi ɗari da arba'in. Ya dubi saba'in, ya daɗe a kanta, kamar in ya matsa mata za ta ba da kai. Ruwan famfo yana ta zuba bai kashe ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sauƙin abin, lissafin da yaron aji biyar zai yi a bayan ambulan.

“Da sulusi,” in ji shi.

“Da sulusi. Ta tsakiya kuma da sulusi biyu. Mista Niskala, ba wani abin kunya ba ne, yana faruwa da...”

Ya ajiye wayar. Ya sauka ɗakin ƙasa da rigar barci, ya kunna na'urar, ya buɗe umarnin da ya rubuta mata tun wancan lokaci. Ga shi nan a ƙarshe, 'yar kalma ɗaya da ke ce mata ta yar da duk abin da ya biyo bayan ɗigo. A ƙarshen kowane aikinsa yana sa ta, don tsohuwar na'urar takan jera sifirai a bayan lamba, shi kuma ba ya son ganin wutsiya. Layi bakwai na farko ya gwada su da hannu, suka fita daidai, sai ya sakar wa na'ura sauran. Ita kuwa ba ta yi masa ƙarya ba, abin da ya ce ta yi shi ta yi. Ya zauna a nan har tukunyar ɗumama gida ta kunna kanta ta kashe, ta sake kunnawa.

Odile ta sake kira bayan kwana biyu, da ladabinta. Ta ce hanya biyu ce. Ko a sake wa shafin suna, a ce alwatika ce ta lambobin da aka yanke wa wutsiya, ta haka za ta ci gaba da zama, ko da yake ba wanda zai sake waiwayarta. Ko kuma a bi al'adar Rumbu: shafin da aka gano kuskure a cikinsa ba a share shi, don wataƙila wani ya riga ya kwafa, sai a rubuta masa “matacce” a sama, sunan mai shi yana nan a ƙasa har abada. Ta ce ya yi tunani, ba gaggawa. Ba ta san da zancen dutse ba, shi kuma bai gaya mata ba.

Stan Hrycyk ya gaya wa, a sauna, ɗakin wankan tururi, ranar Asabar. Stan ɗan Yukren ne mai ƙaton ciki da suka yi aiki tare a rumbun alkama, mutumin da ko a jana'iza sai ya sa wani dariya. Ya saurara yana sharce gumi, sannan ya kwashe da dariya har benci na girgiza.

“Sulusi? Kai Arvo! Fuskar nan da ka zo da ita na ce likita ne ya ba ka wa'adi. Sulusin me? Na alkama ko na giya?”

“Yana kan dutsen, Stan.”

“To sai me? Wa ke zuwa maƙabarta da fensir? Ni duk lokacin da na je, lambar waya nake zaton ka sa mata. Matattu ba sa lissafi, masu rai kuma sanyi ya ishe su.”

“Ta tambaye ni.”

“Wa?”

“Helmi. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata.”

Stan ya ɗebi ruwa ya watsa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya tashi ya rufe su.

“Mutumina, ni na ce wa tawa na daina shan taba, ta mutu kwalin yana cikin takalmina. Kowa da irin nasa. Kai naka ma ba da gangan ba ne.”

“Naka ba a sassaƙa shi a kanta ba.”



Sauran hunturun nan Arvo bai ji daɗinsa ba. Abinci ya fita ransa, ya rame har wandonsa yana zamewa. Kowace Lahadi bayan coci yakan je maƙabarta, kuma a nan ya gano wani abu game da kansa da ya ƙara masa baƙin ciki. Dusar ƙanƙara ta taru a gindin dutsen ta rufe layukan ƙasa, abin da ke waje gaskiya ne zalla, sai ya ji sanyi a ransa. Da, da isowarsa yake share dutsen da hannun riga. Yanzu sai ya tsaya hannu a aljihu, yana jin daɗin abin da dusar ta ɓoye masa, yana kuma jin kunyar jin daɗin. Har addu'a ya kama kansa yana yi kada rana ta fito.

Rana kuwa ba ta jin roƙon kowa. Dusar ta fara sauka, layi na takwas ya fito, sannan wata Lahadi ya iske kawunan lambobin layi na tara sun leƙo daga cikin ruwan laka. Ya koma gida ya kira Sherbrooke.

“Ki rubuta matacce.”

“Ka tabbata, Mista Niskala? Layi takwas na farko daidai suke, kuma suna da kyau. In muka sake sunan...”

“Kada ki sake yi mini wannan tambaya, 'yata. Ki rubuta kawai. Ki bar sunana a ƙasa.”

Ta rubuta. Da yamma ya sauka ya duba, ya ga kalmar a saman shafin, ya kashe na'urar daga bango.

Saura dutse. Da ƙasa ta bushe ya ɗauki Renzo da Stan a motarsa suka je. Renzo, wanda yanzu shi ma furfura ta kama shi, ya tsuguna ya shafa layin da babban yatsa, ya ji bayani, bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake an ga maganar ta zo masa har baki.

“Abu mafi sauƙi, Mista Niskala, in goge layin gaba ɗaya. Zai bar ɗan kwari, ƙyallin ba zai zo ɗaya ba, amma daga nesa ba mai lura. Sai a ce dama takwas ne.”

“Ka ji magana,” in ji Stan. “Goge mu tafi mu ci fanke, yunwa nake ji.”

“A'a,” in ji Arvo. “Dama ba takwas ba ne. Yankewa ce ta kawo ni nan, ba zan sake yanka ba. Ka ƙara abin da ya ɓace. Sulusi nan, sulusi biyu nan, sulusi nan.”

Renzo ya girgiza kai. “Ba wuri. Dubi yadda suke a matse, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. In na sa cizal a nan, lambar kusa ce za ta ɓalle.”

“Ƙasa fa?”

“Gindi ne, ciyawa za ta rufe shi kafin Yuli.”

“Baya?”

“Bayan ba a yi masa sumul ba, kuma jikin shinge yake. Sai dai ka rubuta wa kurege.”

Arvo ya ja da baya ya dubi dutsen gaba ɗaya. Gefen Helmi a cike yake, suna, shekarar haihuwa, shekarar rasuwa. Gefensa kuwa akwai suna, akwai shekarar haihuwa, sai ɗan layi, sai fili sumul kamar tafin hannu, wanda aka bari don ranar da za a kawo shi. Ya nuna wurin da yatsa.

“Nan fa?”

Renzo ya dube shi, ya dubi Stan.

“Nan wurinka ne, Mista Niskala.”

“Zai ɗauki lambobin biyu da sulusansu?”

“In na ƙanƙanta su, ɗaya a kan ɗaya, zai ɗauka. Amma ba abin da zai rage.”

“Kai, tsaya tukuna,” in ji Stan. “Ka san abin da mutane za su karanta? An haifi Arvo Niskala shekara kaza, ya mutu shekara ta dubu goma sha shida da wani abu da sulusi. Za a ce tsohon nan ya ƙi tafiya!”

Ba wanda ya yi dariya, shi kansa Stan ɗin bai yi ba. Ya matso ya kama hannun rigar abokinsa, muryarsa ta sauka.

“Arvo, ka ji ni. Ba ka da ɗa, ba ka da jika. Ni ma ina hanya. In ka ba da wurin nan, ba inda za a rubuta ka zo ka wuce. Don sulusi? Matar nan ta yafe maka abin da ya fi wannan sau dubu, na san ta.”

“Na san za ta yafe,” in ji Arvo. “Ba yafiya nake nema ba. Ita ta zaɓi abin da za ta kwanta a ƙarƙashinsa, don na ce mata gaskiya ne. To ya zama gaskiya.”

Ya ji tsoro a lokacin, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne ta. Ya ga kansa kwance a nan ba ranar tafiya, kamar taragon da ya shigo rumbu ba a rubuta fitarsa ba. Ya dafa kan dutsen.

Renzo ya buɗe jakarsa a hankali, yana ba shi lokacin da zai janye. Ya fiddo alli ya zana lambobin a filin, ƙanana, ɗaya a kan ɗaya: 16333⅓, a ƙasa 81666⅔. Arvo ya sunkuya ya karanta su lamba-lamba, ya sa fensir a bayan wata takardar sayen man mota ya sake rabawa da hannunsa, sannan ya gyaɗa kai.

“In na sara, ba a mayarwa,” in ji Renzo, cizal a hannu. “Dutse ne.”

Stan ya juya baya ya cire hularsa, yana kallon tafki.

“Sara,” in ji Arvo.